Yadda na bi sawun kullallen faifai da ya ƙi hawa bayan sabunta Debian

Ni ne nake kula da kwamfutocin wani ƙaramin ofishin lissafin kuɗi a Kano, kuma abin da zan ba da labarinsa ya faru ne da babbar kwamfutar da ofishin yake ajiye takardun abokan hulɗarsa a ciki. Na ga ya dace in rubuta shi daki-daki saboda yawancin bayanan da mutum zai tarar idan ya yi bincike suna magana ne a kan wata matsala dabam mai kama da wannan, kuma wanda ya bi su a gurguje yana iya ƙara wa kansa wahala. Kwamfutar tana da faifai biyu. Na farko ƙaramin SSD ne, wato faifai mara juyawa, wanda aka girka Debian 12, wani nau'in tsarin aiki na Linux, a kansa, aka kulle shi da LUKS, tsarin kulle faifai da Clemens Fruhwirth ya ƙirƙiro a 2004 wanda yanzu shi ne aka fi amfani da shi a Linux, sannan aka shimfiɗa LVM, mai raba faifai zuwa sassa, a cikinsa kamar yadda manhajar girka Debian take yi idan an zaɓi kullewa. Na biyu babban faifai ne mai juyawa, mai cin terabait 2, shi ma a kulle da LUKS, amma ba ya tambayar kalmar sirri, domin an ajiye fayil ɗin makullinsa a cikin faifan farko, ta yadda da zarar an buɗe na farkon sai na biyun ya buɗe da kansa ya hau a /srv/ajiya. An yi wannan kullewar ne don gudun sata, kuma tun da aka sa hannu a dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya a 2023 shugaban ofishin ya ƙara matsawa a kan kada a bar takardun mutane a buɗe.

Ma'aikacin da ya haɗa kwamfutar tun farko ya zo a ƙarshen mako ya ɗaga ta daga Debian 12 zuwa Debian 13, wanda aka fitar ranar 9 ga Agusta, 2025. Aikin ya kai shi dare, ya kashe ta ba tare da ya sake tayar da ita ya gani ba, washegari kuma ya yi tafiya zuwa inda waya ba ta shiga sosai. Da safiyar Litinin akantar ofishin ta kira ni ta ce, “Injiniya, na sa kalmar sirri ta karɓa, amma ta tsaya tana ƙirga wasu lambobi, daga nan sai baƙin allo.” Na ce mata, “Hajiya, don Allah kada kowa ya taɓa ta, kuma kada a cire komai daga cikinta sai na iso.” Na faɗi haka ne domin na san abin da aka saba yi a irin wannan hali, kuma da na isa na tarar har wani ma'aikaci ya kawo shawarar a zare babban faifan a jona shi da kwamfutar hannu mai Windows a kwashe takardun. Windows ba ta san LUKS ba, don haka abin da za ta iya yi shi ne ta nuna faifan kamar wanda ba shi da komai, wani lokaci ma ta nemi izinin tsara shi daga farko, kuma dannawa ɗaya a wannan wurin ta isa ta lalata abin da ba za a iya dawo da shi ba.

Na kunna kwamfutar na tsaya ina kallon kowane mataki, ina ɗaukar hoton allon da waya. Jerin zaɓin GRUB, manhajar da ke fara tayar da tsarin, ya fito lafiya. An tambayi kalmar sirrin sda3_crypt, wato kullallen sashen faifan farko, aka shigar, ta karɓa bayan ɗan jinkirin daƙiƙa biyu da aka saba. Daga nan layuka suka ci gaba da wucewa har aka zo kan wani layi mai jajayen taurari masu kai da komo, wanda ya fara da “A start job is running for”, sai sunan /dev/mapper/ajiya, da ƙirgen lokaci da ke tafiya zuwa minti ɗaya da daƙiƙa 30. Wannan shi ne wa'adin da systemd, mai tsara tashin ayyukan kwamfutar, yake ba kowace na'ura ta bayyana idan ba a canja masa ba. Da wa'adin ya cika sai ga “Timed out waiting for device”, sai “Dependency failed for /srv/ajiya”, sai kuma “Dependency failed for Local File Systems”, kwamfutar ta faɗa yanayin gaggawa. A can ma ƙofa a rufe take, domin saƙon ƙarshe shi ne “Cannot open access to console, the root account is locked.” Dalilin haka shi ne, idan aka bar gurbin kalmar sirrin root, wato asusun mai cikakken iko, babu komai lokacin girka Debian, ana rufe wannan asusun a ba mai amfani na farko ikon sudo, wato damar ba da umarni da ikon root, yanayin gaggawa kuwa kalmar sirrin root yake nema. Gabana ya faɗi, ba zan ɓoye ba, domin ƙarshen wata ya gabato kuma lissafin albashin kamfanoni da dama yana cikin wannan faifan. Amma hotunan da na ɗauka sun riga sun nuna mini abu ɗaya mai kwantar da hankali: faifan farko ya buɗe, tsarin ya tashi har ya kai ga systemd, abin da ya gagara kawai shi ne faifai na biyu.

Shugaban ofishin ya leƙo ya tambaya ko takardun sun tafi ke nan. Na ce, “Ranka ya daɗe, ban ga alamar sun tafi ba, amma ba zan gyara komai ba sai na ga takardun da idona na kuma kwafe su zuwa wani wuri.” Na nemi a ba ni kuɗin sabon filash da na faifan waje mai girman da zai ɗauke duk abin da ke cikin babban faifan. Faifan wajen shi ne ya cinye mafi yawan kuɗin da aka kashe a wannan aiki, ya ninka kuɗin filash da na data da na man janareto idan aka haɗa su, kuma sai da na yi ɗan bayani kafin a amince, domin a ganinsu gyara aka kira ni in yi. Sauke fayil ɗin Debian mai tashi daga filash ya ci gigabait da dama da kusan dukan safiyar, saboda intanet ɗin ofishin ta waya ce. Wanda datarsa ba ta da yawa yana iya sauke ƙaramin fayil ɗin girkawa, wanda bai kai gigabait ɗaya ba kuma yana da yanayin ceto a cikin zaɓuɓɓukansa, amma ni na fi son cikakken tebur inda zan iya buɗe tagogi da yawa in kwatanta fayiloli gefe da gefe.

Da na tayar da kwamfutar daga filash, umarnin farko da na bayar shi ne lsblk -f, wanda ba ya rubuta komai a faifai, yana nuna abin da ke akwai ne kawai. Sassan biyu, /dev/sda3 da /dev/sdb1, duk sun fito da alamar crypto_LUKS da lambar UUID, wato lambar shaida, ta kowanne. Na jona wayata ta igiya don samun intanet, na girka smartmontools, na duba lafiyar faifan biyu da smartctl -a, ban ga wuraren da suka lalace ko suke jiran a sauya su ba. Sannan na karanta goshin kowane faifai, wato bayanan LUKS da ke farkon sashensa, da cryptsetup luksDump. Wannan goshin shi ne wurin da ya fi kowane wuri muhimmanci a kullallen faifai, kuma ya kamata a fahimci dalili. Kalmar sirrin da mutum yake shigarwa ba ita ce take kulle bayanan kai tsaye ba. Akwai babban makulli da kwamfuta ta ƙirƙira lokacin da aka tsara faifan, shi ne yake kulle bayanan, shi kuma an adana shi a cikin goshin, a wasu gurabe da kowanne ake buɗe shi da kalmar sirri ko fayil ɗin makulli nasa. LUKS1 yana da gurabe 8, LUKS2 yana ɗaukar har 32, kuma goshin LUKS2 yakan ci megabait 16 a farkon sashen. Idan aka rubuta wani abu a kan waɗannan megabait ɗin, to ko da mutum ya haddace kalmar sirrinsa babu abin da za ta buɗe, kuma babu wani mai gyara a kasuwa ko manhajar dawo da fayiloli da za ta iya yin komai. Saboda haka kafin in ci gaba na kwafi goshin kowane faifai da cryptsetup luksHeaderBackup, na ajiye su a wani filash dabam.

A nan ne na gamu da cikas ɗin da ya fi tayar mini da hankali a ranar, ko da yake shi ne mafi sauƙi. Na ba da umarnin cryptsetup open /dev/sda3 sda3_crypt, Hajiya ta zo ta shigar da kalmar sirrin da ta shigar da safe ta karɓu, sai amsa ta dawo, “No key available with this passphrase.” Ta sake shigarwa a hankali, harafi bayan harafi, amsar ba ta canja ba. Ta dube ni, na dube ta. Sai na buɗe manhajar rubutu na ce ta danna alamomin da ke cikin kalmar kaɗai, ban da haruffan, don in ga abin da ke fitowa. Inda ta danna tana nufin alamar @ sai ga alamar zance ta fito. An girka kwamfutar da tsarin madannai na Ingila, shi kuwa tsarin da ke kan filash ya tashi da na Amurka, kuma waɗannan alamomi biyu musanya wuri suke yi tsakanin tsarin biyu. Na sauya tsarin madannan zuwa na Ingila, kalmar ta karɓu nan take. Abokan aikinmu na Maraɗi da Damagaram da ke amfani da tsarin Faransa sun fi mu shiga wannan tarko, domin a wurinsu A da Q sun musanya, Z da W sun musanya, M ta bar wurinta, lambobi ma sai an haɗa da madannin manyan haruffa. Haka nan ban ba kowa shawarar sa ƙ ko ɗ ko ɓ a kalmar sirrin faifai ba, duk da cewa suna ƙara mata wuyar cinka, saboda ranar da aka tashi daga filash ko daga wani allo na gaggawa, samun hanyar rubuta su aiki ne.

Bayan faifan farko ya buɗe na tayar da sassan LVM da vgchange -ay, na ɗora tushen tsarin a /mnt, na nemo fayil ɗin makullin faifai na biyu a inda /etc/crypttab ya ce yana nan. Na buɗe faifan da cryptsetup open tare da zaɓin --key-file, na ɗora shi da mount -o ro, wato don karatu kawai. Jakunkunan duk suna nan, Hajiya ta buɗe lissafin watan da ya wuce ta tabbatar shi ne. Na kulle sabon faifan wajen da LUKS shi ma, tun da babu ma'ana a kwashe takardun da aka kulle a zuba su a buɗaɗɗen wuri, kuma na karanta sunan na'urar sau da yawa kafin in danna luksFormat, domin wannan umarnin shi ne yake shafe tsohon goshi ya rubuta sabo, kuma harafi ɗaya ne ya raba sdb da sdc. Kwafewa da rsync ta ɗauki sauran yinin. An ɗauke wuta a tsakiya, batirin ko-ta-kwana ya riƙe kwamfutar har aka tayar da janareto, ni kuma na yi amfani da lokacin jiran wajen karanta fayilolin saiti.

Fayiloli biyu ne suke haɗuwa su hau da kullallen faifai, kuma mafi yawan matsalolin wannan fanni a tsakaninsu suke. Fayil ɗin /etc/crypttab yana faɗin wane sashe za a buɗe, da wane makulli, da sunan da za a ba shi bayan an buɗe. Layinsa yana da gida huɗu: suna, UUID na kullallen sashen, wurin makulli ko kalmar none idan za a tambayi mutum, sai zaɓuɓɓuka. Shi kuwa /etc/fstab yana faɗin inda za a ɗora abin da aka buɗe. Abin da yake rikita mutane shi ne kowane kullallen faifai yana da UUID biyu, na waje wanda yake na LUKS, da na ciki wanda yake na tsarin fayiloli kuma ba ya bayyana sai an buɗe. Na wajen shi ne na crypttab, na cikin ko kuma sunan /dev/mapper shi ne na fstab, kuma idan aka juya su za a ga irin wannan jiran na daƙiƙa 90. Na fito da lambobin da blkid, na jera su kusa da abin da ke cikin fayilolin, na bi su harafi bayan harafi. Komai daidai yake. Sunan ajiya iri ɗaya ne a wuri biyun, makullin yana inda aka ce, kuma na riga na ga yana buɗe faifan da hannu. Ranar da aka taɓa fayilolin a ƙarshe ma ta nuna ba a canja su ba tun lokacin da aka haɗa kwamfutar.

Wannan shi ne wurin da na fi daɗewa. Saiti lafiya, faifai lafiya, makulli lafiya, amma abu ya ƙi hawa. Na koma ga kundin tarihin tsarin da journalctl -D /mnt/var/log/journal, na nemo tashin da ya gaza, na karanta shi daga farko. Na daɗe ina neman saƙon kuskure daga sashen da ke buɗe faifai, irin wanda zai ce makulli bai yi ba ko ba a ga na'ura ba, ban samu ba. Daga baya na lura cewa rashin saƙon shi ne amsar. A tashin da aka yi kafin sabuntawa akwai layukan da ke nuna an fara aikin systemd-cryptsetup@ajiya.service an kuma gama shi, a tashin da ya gaza kuwa ko sunansa bai fito ba. Ashe ba a ma yi yunƙurin buɗe faifan ba, systemd ya zauna ne yana jiran na'urar da babu wanda aka ɗora wa aikin samar da ita.

A Debian masu buɗe kullallun faifai lokacin tashi biyu ne, kamar gidan da mai gadi yake buɗe ƙofar zaure amma makullin ɗakin ajiya yana hannun wani dabam. Na farko yana cikin initramfs, ƙaramin tsarin wucin gadi da ake lodawa tare da kanel, wato zuciyar Linux, kuma aikinsa ya buɗe faifan da tushen tsarin yake kai. Kunshin manhaja mai suna cryptsetup-initramfs ne yake sa shi a can. Bayan tushen ya hau sai systemd ya karɓi ragama, wata 'yar manhaja mai suna systemd-cryptsetup-generator ta karanta crypttab ta ƙirƙiri aikin buɗe kowane faifai da ya rage. A Debian 12 wannan manhajar tana cikin babban kunshin systemd. A Debian 13 an ware ta zuwa kunshi mai zaman kansa, systemd-cryptsetup, kuma bayanan fitar da sigar sun faɗi haka a fili, har sun ja kunnen masu kullallun faifai su tabbatar an girka shi kafin su sake tayar da kwamfuta. A yawancin kwamfutoci yana shigowa da kansa, domin yana cikin kunsoshin da systemd yake ba da shawarar a girka tare da shi. Na duba jakar /usr/lib/systemd/system-generators a cikin faifan, manhajar ba ta nan. Na leƙa /etc/apt/apt.conf.d, sai ga wani ɗan fayil mai layi ɗaya, APT::Install-Recommends "false"; wanda ke hana girka duk kunshin da shawara kawai aka bayar a kansa. Wanda ya haɗa kwamfutar ya sa shi ne don rage cin data da wuri, kuma ban ga laifin wannan dabara ba a inda ake sayen kowane gigabait da kuɗi, sai dai wanda ya zaɓe ta ya ɗauki nauyin duba abin da ya ɓace a duk lokacin da aka yi babbar sabuntawa.

Gyaran kansa bai ɗauki lokaci ba. Washegari da safe, bayan na tabbatar kwafin ya kammala, na sake tashi daga filash, na buɗe faifan farko, na ɗora tushen a /mnt, na ɗora /boot da /boot/efi, inda fayilolin tashi suke, a wurarensu, na jona /dev da /proc da /sys da /run, sannan na shiga da chroot /mnt, umarnin da ke sa mutum ya yi aiki kamar yana cikin tsarin da ke kan faifan. Akwai abin lura a nan wanda ya jefa mutane da yawa daga ƙaramar matsala zuwa babba. Sunan da aka buɗe faifan da shi daga filash dole ya zama shi ne sunan da ke cikin crypttab, a nan sda3_crypt. Idan aka buɗe shi da wani suna, ko aka bar manhajar tebur ta buɗe shi da sunan da ta ga dama, sannan wani abu ya sa aka sake gina initramfs, za a ga gargaɗin cewa ba a sami wannan suna a /etc/crypttab ba, kuma sabon initramfs ɗin yana iya fitowa ba tare da sanin faifan da zai buɗe ba. Daga nan ko kalmar sirri ba za a ƙara tambaya ba. A cikin chroot na tabbatar da dpkg -l cewa ba a girka systemd-cryptsetup ba, na kwafo resolv.conf don sunayen intanet su yi aiki, na ba da apt install systemd-cryptsetup. Kunshin ƙarami ne, ya sauka cikin ɗan lokaci. Na sa masa alamar apt-mark manual, shi da cryptsetup-initramfs da lvm2, don kada apt autoremove, mai share kunsoshin da yake ganin ba a buƙata, ya kwashe su wata rana, na kuma duba da lsinitramfs cewa cryptsetup yana cikin initramfs na sabon kanel. Na fita, na sauke komai, na kulle faifan, na zare filash, na kunna. Hajiya ta shigar da kalmar sirri, layukan suka wuce ba tare da jajayen taurari ba, allon shiga ya fito, /srv/ajiya ya hau da kansa.

Da a ce na tsaya a nan da na bar haɗarin da ya fi wanda aka kira ni dominsa. Lokacin da na karanta goshin babban faifan na ga gurbin makulli ɗaya ne kawai yake aiki, wato na fayil ɗin da ke cikin SSD. Ma'anar haka ita ce ranar da SSD ɗin ya mutu, takardun shekaru da ke cikin babban faifan sun tafi tare da shi ko da faifan yana da cikakkiyar lafiya. Na ƙara gurbi na biyu da cryptsetup luksAddKey, da doguwar kalmar sirri da shugaban ofishin ya zaɓa ya rubuta a takarda ya sa a cikin sef, na gwada ta da zaɓin --test-passphrase, sannan na sake kwafar goshin tun da ya canja. Kwafin goshi abu ne da ake ɓoyewa kamar makulli, domin tsohon kwafi yana ci gaba da buɗewa da tsohuwar kalmar sirri ko bayan an canja ta a kan faifan. Na kuma sa zaɓin nofail a layin faifan a crypttab da fstab, don gazawar faifai na biyu ta daina hana dukan kwamfutar tashi. Wannan zaɓin yana da nasa haɗarin, domin idan faifan bai hau ba jakar /srv/ajiya tana nan a buɗe babu komai a ciki, manhajar lissafi kuma tana iya fara zuba sababbin fayiloli a cikinta a kan SSD ba tare da kowa ya sani ba. Don toshe wannan na sauke faifan, na sa wa jakar chattr +i yadda ba za a iya rubutu a cikinta ba sai faifan yana kai, na kuma ƙara RequiresMountsFor=/srv/ajiya a aikin da ke raba jakar ga sauran kwamfutoci.

Abin da na fi so mai karatu ya riƙe shi ne, saƙon ƙarshe da ke kan allo ba shi ne ya fi amfani ba, gano matakin da tashin ya tsaya shi ne yake nuna inda za a duba. Idan an tsaya tun a GRUB, kafin kanel ya loda, galibi /boot ne yake cikin kullallen sashe, kuma a nan ya kamata a tuna cewa GRUB 2.06 yana karanta LUKS2 ne kawai idan gurbin makullin yana amfani da hanyar sarrafa kalmar sirri mai suna PBKDF2, alhali sababbin faifai da wata hanya mai suna Argon2id ake tsara su. Idan an faɗa allon BusyBox mai alamar initramfs, da saƙon cewa ba a ga tushen tsarin ba, to faifan farko ne bai buɗe ba, sai a duba cryptsetup-initramfs da layin farko na crypttab, a sake gina initramfs daga chroot da update-initramfs -u -k all. Wannan shi ne maganin da ya cika ko'ina, kuma da na bi shi da bai taɓa matsalata ba, tun da faifai na biyu ba ya bi ta initramfs. Idan kuwa an karɓi kalmar sirri, aka yi jiran daƙiƙa 90, aka faɗa yanayin gaggawa, to maganar tana wajen systemd: UUID da aka juya, suna da bai dace ba, makullin da ba ya inda aka ce, ko kunshin da ya ɓace. A kowane hali, gwada buɗe faifan da hannu daga filash shi ne yake raba matsalar faifai da matsalar saiti, kuma ba a gudanar da fsck, mai duba tsarin fayiloli da gyara shi, a kan kullallen sashen kansa, sai a kan na'urar /dev/mapper bayan an buɗe. Duk wanda ya gyara crypttab ko fstab kuma yana iya gwada aikinsa ba tare da ya kashe kwamfuta ba, da systemctl daemon-reload, da findmnt --verify, da tayar da aikin systemd-cryptsetup na wannan faifan da hannu.

Da ma'aikacin ya dawo inda waya ke shiga na kira shi na ce, “Malam, akwai wasu kwamfutocin da ka sa wa wannan saitin na hana kunsoshin shawara?” Ya yi shiru kaɗan, sannan ya ce akwai ta wani shagon magani da ta wata makaranta, kuma ta makarantar yana shirin ɗaga ta zuwa Debian 13 a wannan makon. Na tura masa sunan kunshin da umarnin dubawa, ya girka shi kafin ya sake tayar da ita, ta tashi da faifanta biyu.